Batirin kwamfuta rumbu ne: ga yadda ake tattalinsa

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, kwamfuta ta shigo karkara. Muna nufin ƙaramar nan mai buɗewa kamar littafi, wadda ake ɗorawa bisa cinya, wasu na ce mata ordinatar. Yau ana ganinta hannun magatakardan kwaperatif, da mai kula da bankin cimaka, da mushen lekol, da malamin gona, da malamin dabbobi. Ana ganinta kuma cikin jakar ɗiyanmu masu karatu a jami'o'in Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa idan sun zo hutu. Cikinta ake rubuta sunan wanda ya ajiye buhu, da wanda ya ɗauki bashin taki, da yawan shanun da aka yi wa allurar rigakafi.

Kada wani ya ce wannan magana ba tasa ba ce don bai taɓa danna kwamfuta ba. Idan ta ƙungiya ce, da kuɗin da kuka haɗa aka saye ta. Idan ta ɗanka ce, wataƙila rago ko ɗan maraƙi ka sayar. Ran da ta mutu ana tsakiyar rabon iri, kowa zai ji a jikinsa.

Abincin kwamfuta wuta ce, wadda muke ce wa kuran. A ƙasarmu Nijar, kimanin mutum 1 cikin 5 ne ke da kuran a gida, kuma yawancinsu a birni suke. Birnin ma yana ganin ɗaukewar wuta. A watan Agusta na 2023 an yanke wutar da ke zo mana daga Najeriya, ba a maido ta ba sai watan Maris na 2024. An gina tashoshin wutar rana, ta Malbaza mai megawat 7 a 2018, da ta Goru Banda kusa da Yamai mai megawat 30 a 2023. Duk da haka ƙauyuka da yawa na dogara ga farantin hasken rana, wato pano, ko ga ɗan injin mai sana'ar caji ranar kasuwa. Saboda haka batirin da ke cikin kwamfuta shi ne dukiyarta.

Tambayoyi biyu ne a gabanmu. Ta farko: yaya caji ɗaya zai kai mu ƙarshen aikin yini? Ta biyu: yaya batirin kansa zai yi shekaru bai lalace ba?

Rumbu da tiya

Batiri kamar rumbu yake. Caji shi ne zuba hatsi, aiki shi ne ɗiba. Kamar yadda muke auna hatsi da tiya, haka ake auna wutar batiri da wani mudu mai suna wat-awa. Idan aka duba jikin batiri za a ga lamba, a gefenta an rubuta Wh. Yawancin kwamfutocin da ke kasuwa suna da 40 zuwa 60.

Ga misali. A ce batirinka na ɗaukar 45. Idan rubutu kawai kake yi, da haske kaɗan, kwamfuta na iya cin wat 9. Raba 45 gida 9, ka samu awa 5. Idan ka ƙure haske, ka buɗe intanet, ka jona waya tana caji, ci na iya kaiwa wat 22. Ke nan awa 2 kawai. Rumbu ɗaya ne, hannun mai ɗiba ne ya bambanta.

Sunan wannan irin batiri litiyom. Shi ne kuma cikin wayoyin salula. Kamfanin Sony na ƙasar Japan ne ya fara sayar da shi a 1991. Masana uku da suka yi aikin ƙirƙiro shi, John Goodenough, Stanley Whittingham da Akira Yoshino, sun samu kyautar Nobel a 2019. Ba shi da nauyi, yana ɗaukar wuta da yawa. Amma yana da halinsa, kuma wanda bai san halin dabbarsa ba shi ke shan harbi.

Su wa ke cinye hatsin?

Babban maciyi shi ne hasken gilashin da kake kallo. A layin maɓallai na sama akwai biyu masu hoton rana, ɗaya na ƙara haske, ɗaya na ragewa. A wasu kwamfutoci sai an haɗa da maɓallin da aka rubuta wa Fn. Rage haske har iyakar inda kake iya karatu ba tare da matse ido ba. Cikin ɗaki rabin haske ya isa, da dare ma ƙasa da haka. Wanda ya zauna a fili cikin rana dole ya ƙure haske kafin ya ga rubutu. Shiga inuwa, ka juya wa hasken ƙofa gefe.

Maciyi na biyu shi ne neman layi. Ko ba ka kan intanet, kwamfuta na ta lalube tana neman wifi da Bluetooth, kamar makiyayi mai kiran dabbar da ba ta cikin garke. Idan aikinka rubutu ne ko lissafi, danna hoton jirgin sama da ke kusurwar ƙasa ta hannun dama. Wannan zai rufe su duka. Idan ka tashi aika saƙo sai ka sake danna shi.

Na uku shi ne ayyukan da aka buɗe aka manta. Kowane shafi da aka bari a buɗe yana cin rabonsa, ko ba a kallonsa. Fim da wasannin yara sun fi rubutu ci nesa ba kusa ba. Rufe abin da ka gama da shi. Idan maɓallan kwamfutarka na da fitila a ƙarƙashi, kashe ta da rana.

Na huɗu shi ne baƙin da ake jona mata. A ƙauye an saba, da an ga kwamfuta sai a kawo waya a ce a ɗan sa mata caji. Ku sani, batirin babbar waya ta zamani na ɗaukar wat-awa 15 zuwa 19. Ke nan waya ɗaya na iya kwashe kashi ɗaya cikin uku na rumbun nan mai 45. Waya uku sun gama da shi. Kwamfutar ƙungiya ba shagon caji ba ce. Ya kamata a yi wannan magana a taro, a tsai da doka, don kada magatakarda ya ji nauyin hana surukinsa.

Saitin da ke cikin kwamfuta

Masu ƙera kwamfuta sun sa mata hanyoyin tattali, amma mutane da yawa ba su taɓa buɗe su ba. Yawancin kwamfutocin ƙasarmu na aiki da tsarin Windows. A kusurwar ƙasa ta hannun dama akwai ɗan hoton batiri. Shi ke faɗa maka kashi nawa ya rage cikin 100. Wurin saiti kuwa, alamarsa ƙaramar taya mai haƙora. Ka shiga nan ka nemi sashen wuta da batiri.

Abu na farko shi ne mai tattalin wuta. Idan yana aiki za ka ga ɗan ganye a jikin hoton batiri. Yana rage haske, yana tsai da ayyukan da ke gudana a ɓoye. An saita shi ya tashi da kansa idan caji ya sauka zuwa kashi 20 ko 30. Wannan saiti na mutanen birni ne masu kuran kusa. Mu da caji ke nesa, gara mu kunna shi tun batiri na cike. Mai hankali ba ya jira sai rumbu ya kusa ƙarewa sannan ya fara awo.

Abu na biyu shi ne saurin aiki. Kwamfuta na da tafiya iri uku kamar doki: tafiyar hankali, sassarfa, da sukuwa. Sukuwa na cin wuta, tana kawo zafi. Rubuta sunaye da lissafin buhuna ba sa bukatar sukuwa. Zaɓi wadda ta fi tattali.

Abu na uku shi ne lokacin hutu. Kana iya gaya wa kwamfuta ta kashe gilashi idan an yi minti 3 ba a taɓa ta ba, ta yi barci bayan minti 10. A wurin taro akan buɗe ta, sai gardama ta tashi a yi rabin awa ana magana, ita kuwa tana ta ci. Wannan saiti zai toshe ɓarnar.

Barci, dogon barci da kashewa

Hanya uku ce ta ajiye kwamfuta, kuma ba ɗaya suke ba.

Barci, wanda aka rubuta «Veille» da Faransanci, shi ne abin da ke faruwa idan ka rufe murfi. Tana farkawa nan take, amma tana shan wuta kaɗan kaɗan. Ya dace da tashi salla ko cin tuwo.

Dogon barci, «Veille prolongée», yana ajiye aikinka yadda ka bar shi, sannan ya kashe komai. Kusan ba ya cin wuta. Ya dace da wanda zai bar aiki sai gobe. A wasu kwamfutoci a ɓoye yake, sai ka roƙi mushe ko mai gyara ya fito maka da shi.

Kashewa gaba ɗaya, «Arrêter», ita ce ta tafiya. Kada ka rufe murfi kawai ka jefa ta jaka ka hau babur. Takan farka cikin jaka, ba iska, ta yi zafi, ka iso ka tarar ba caji.

Kafin kowane ɗaya, ajiye aikinka. Danna Ctrl tare da S, ka mai da shi al'ada kamar rufe ƙofar garke. Lissafin ƙungiya kuwa a kwafe shi cikin ɗan makullin ajiya, wanda ake ce wa kile ko fulash, kuma kada a yar da littafin takarda.

Zafi shi ne gara

Yanzu ga tambaya ta biyu. Rumbu na tsufa, batiri ma haka. Kowace shekara abin da yake iya ɗauka na raguwa. Ana ƙirga shekarunsa da zagaye. Idan ka ci rabi yau ka cika, gobe ka ci rabi ka cika, zagaye ɗaya ke nan. Batiri da yawa na fara nuna gajiya bayan zagaye 300 zuwa 500. Kamfanin Apple ya ce na kwamfutocinsa na yanzu na kai zagaye 1000. Tsufa dole ne, amma akwai abin da ke gaggauta shi, babbansu kuwa zafi.

Cikin batiri akwai sinadarai masu aiki da juna. Zafi na sa su lalace da wuri, kuma abin da zafi ya ci ba ya dawowa. Kamfanin Apple ya rubuta cewa a yi aiki da kwamfutarsa a wuri mai digiri 10 zuwa 35, sauran kamfanoni ma ba su yi nisa da haka ba. Mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40 a inuwa, a Yamai, a Tawa, a Ƙonni. Cikin mota rufaffiya ko ƙarƙashin rufin kwano da tsakar rana ya fi haka ƙwarai. Ke nan batiri a ƙasarmu yana bukatar kulawar da ba ya bukata a Faransa.

Da bazara a yi aikin kwamfuta da sassafe ko da dare. Ɗakin laka ya fi na kwano sanyi, can ya kamata ta zauna. Kada a bar ta cikin mota, ko cikin jaka a rataye jikin babur a rana.

Kwamfuta na numfashi. A ƙarƙashinta da gefenta akwai ƙananan ramuka, ciki akwai ƴar fanka mai fitar da iska mai zafi. Idan ka ɗora ta bisa katifa, ko bargo, ko rairayi, ka toshe mata hanci. Ɗora ta bisa tebur ko allo, ka sa ɗan icce a ƙarƙashin bayanta don iska ta ratsa. Ƙurar hunturu ma na shiga ta cushe fankar. Idan ka ji tana kuka fiye da da, kuma gindinta na ƙuna, kai ta wurin mai gyara ya share. Sau ɗaya a shekara, bayan hunturu, ya isa. Idan an gama aiki ta huce, a lulluɓe ta da zane. Kada a yayyafa mata ruwa ko a rufa mata jiƙaƙƙen tsumma don ta huce. Ruwa na kashe ta nan take.

Kada ya ƙoshi ƙwarai, kada ya kwana da yunwa

Akwai maganar da ke yawo cewa sai batiri ya mutu ƙurmus sannan a sa masa caji. Wannan shawara ta tsofaffin batura ce na zamanin da, masu wani sinadari dabam. Litiyom ba ya son haka. Yawan kai shi sifiri na rage masa kwana. Yawan barinsa cike maƙil kwana da kwanaki, musamman cikin zafi, shi ma haka. Ya fi jin daɗi tsakanin kashi 20 da kashi 80.

Mun san halin ƙauye. Wanda ba ya samun caji sai ranar kasuwa dole ya cika har 100, kuma babu laifi, tunda zai fara aiki da shi. Abin gudu shi ne a bar kwamfuta jone da wuta dare da rana a ofis, tana cike tana zafi. Kamfanoni kamar Lenovo, Dell, Asus da HP sun sa wa kwamfutocinsu da yawa saitin da ke tsai da caji a wajen kashi 80 ko ƙasa da haka. Mai kuran kullum ya kunna shi. Ran tafiya sai ya kashe shi ya cika.

Idan caji ya sauka zuwa kashi 20, ajiye aikinka ka kashe. Idan kuma za a daɗe ba a taɓa ta ba, kamar lokacin noma da ɗalibi ke gona, ko lokacin da makiyayi ya yi arewa da damana, a bar ta da rabin caji, a kashe gaba ɗaya, a ajiye wuri mai sanyi marar laima. Bayan wata 2 ko 3 a duba, a maido ta rabi. Batirin da aka ajiye babu komai cikinsa wata da watanni yakan ƙi tashi har abada.

Pano a rana, kwamfuta a inuwa

Ranar da ke ba mu wuta ita ce kuma ke kashe batiri. Pano ya fi ba da ƙarfi daga wajen ƙarfe 10 na safe zuwa 3 na yamma, daidai lokacin da zafi ya fi tsanani. Dabara ita ce doguwar waya: pano bisa rufi, kwamfuta cikin ɗaki. A kashe ta lokacin caji, za ta fi saurin cika, kuma ba za ta yi zafi sosai ba. A riƙa share ƙurar pano da tsumma mai laushi da safe, domin ƙura na rage masa ƙarfi.

Kada a jona kwamfuta kai tsaye ga pano ko ga batirin mota. Batirin mota bolt 12 ne, yawancin kwamfutoci kuwa 19 ko 20 suke so, kuma wutar pano na hawa tana sauka. Sai an bi ta na'urar da ke juya wuta zuwa irin ta gida mai bolt 220, ko ta caja ta musamman da aka yi don haka. Na'urar nan na cin wuta ko ba a jona mata komai ba, don haka a kashe ta idan an gama.

A wurin mai inji, bari injin ya tashi ya daidaita kafin ka jona, ka kuma cire kafin a kashe shi. Da damana, idan hadari ya taso da walƙiya, cire caja daga bango. Kowace kwamfuta da cajarta. Duba lambobin da ke jikin caja, na bolt da na wat, su dace da na kwamfutar. Cajar jabu mai sauƙin kuɗi na iya ƙona kwamfuta. Araha ba ta ado.

Idan batiri ya kumbura

Wannan magana ta tsaron rai ce. Batirin da ya lalace yakan kumbura. Za ka ga murfi ba ya rufuwa daidai, ko wurin da ake goga yatsa ya taso, ko gindin kwamfutar ya yi ciki. Idan ka ga haka, daina caji, kashe ta, ka kai wa mai gyara. Kada a soke shi da wuƙa ko allura, kada a danne shi, domin yana iya kama wuta. Kafin a kai shi, a ajiye shi bisa ƙasa, nesa da rumbu, da zana, da harawa. Idan ya fara hayaƙi a janye yara, kada a shaƙa, a zuba masa rairayi mai yawa daga nesa.

Mataccen batiri ba a jefa shi cikin murhu, ko bola inda awaki ke kiwo, ko kusa da rijiya. Ba abin wasan yara ba ne. A bar shi wurin mai gyara.

Ga mai shirin saye

Kwamfutoci da yawa a kasuwanninmu na hannu ne, sun yi aiki a wata ƙasa kafin su zo. Jiki na iya sheƙi, batiri kuwa ya tsufa. Gani ya kori ji. Ka ce a cika ta, a cire caja, a kunna fim na rabin awa a gabanka, ka ga kashi nawa ya tafi. Idan rabi ya tafi, batirin ya gaji, sai a rage kuɗi. Windows na iya fitar da takardar lafiyar batiri mai nuna abin da yake ɗauka yana sabo da abin da yake ɗauka yanzu. Je da wanda ya iya, ya duba maka. Tambayi kuma ko ana samun sabon batirin irinta a Maraɗi, Damagaram ko Yamai, da kuɗinsa, tun kafin ka biya.

Abin da za a riƙe

1. Rage haske, yi aiki a inuwa.
2. Danna hoton jirgin sama idan ba ka bukatar intanet.
3. Kunna mai tattalin wuta tun batiri na cike.
4. Kada a yi cajin waya da kwamfutar ƙungiya.
5. Kashe ta gaba ɗaya kafin tafiya.
6. Kada a toshe mata hanyar iska, kada a bar ta a rana.
7. Kada a bari caji ya kai sifiri. Idan ajiya ce, rabi.
8. Batiri mai kumburi, a kai shi wurin mai gyara.

Ƴan'uwa, wanda ya karanta wannan shafi ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna. A kai shi ajin yaƙi da jahilci, a kai shi taron kwaperatif, a zauna da magatakarda a duba saitin nan ɗaya bayan ɗaya. Ba ya cin ko dala, kuma ba ya wuce rabin awa. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah shi ba mu damana mai albarka, shi kiyaye mana dukiyarmu.